Kyamara Uku, Hoto Ya Ƙi Haɗuwa: Me Zan Fara Saya?

Tambaya: Ina ɗaukar bidiyon biki da walima a Agege da Idi-Araba, da kyamara biyu da waya ɗaya. Wajen tacewa baki da murya ba sa tafiya tare, hoton kuma yana rawa. Kuɗina na abu ɗaya ne: gimbal (mariƙin da ke hana kyamara rawa) ko na'urar taimkod (mai sa kyamarori duka a kan agogo ɗaya)?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Ina zargin wayar nan ce ke ɓata maka aiki. Yawancin wayoyi suna ɗaukar firam 30, wato hotuna 30, a daƙiƙa, kuma adadin yakan sauka in haske ya yi ƙasa, kyamarorinka kuwa wataƙila suna kan 25. Ko ka daidaita farkon, kafin a kai ga kamu bidiyon wayar da na kyamarorin sun rabu. Saita duka a kan 25, shata (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam) 1/50 na daƙiƙa, don wutar lantarkinmu 50Hz ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Hakan ma yana rage ƙyaftawar fitilun zaure. Abin da wayar ta riga ta ɗauka, bi da shi ta manhajar HandBrake mai sauya tsarin bidiyo, ka daidaita adadin firam ɗinsa ya daina hawa da sauka.

Kowace kyamara ta naɗi sauti, ko da ba za ka yi amfani da shi ba. A tafa sau ɗaya a gabansu, sannan kada a riƙa kashewa ana kunnawa. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve ta kyauta za ta jera su ta sautin. Sai dai sauti yana tafiyar mita 343 ne a daƙiƙa, don haka kyamarar da ke mita 14 daga sifika ta makara da firam guda. Wannan da hannu ake turawa.

Rawar hoto kuwa, manhaja tana gyarawa ne ta yanke gefen hoto, shi ya sa ɗauka a 4K, wato babban hoto mai kaifi sosai, ke da rana. Abin da ya dushe saboda girgiza ba ya dawowa.

Ni dai ƙafar kyamara mai nauyi zan fara saya, biyu, gimbal ya biyo baya don mai bin amarya. In ka je Computer Village a Ikeja, tafi da kyamararka da babban lens ɗinka (gilashin gaban kyamara), a ɗora a gabanka, domin kowane gimbal da iyakar nauyin da yake ɗauka. Taimkod irin Tentacle Sync sai ranar da kyamarori suka kai biyar, ko kiɗan DJ ya hana manhaja gane sauti.