Abin da ke kashe kaji a bazara, ƴan tsaki kuma a hunturu

Malam, ka ce kajinka na mutuwa a bazara, ƴan tsaki a hunturu. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, kuma ba ta gumi, haki ne ke sanyaya ta. A Damagaram zafin Afrilu da Mayu yakan haura 40, sai hakin ya gaza: ta saki fukafukai, ta ƙi abinci, ta faɗi. Ka ba su ruwan randa, abinci da asuba da yamma, ka shimfiɗa zana bisa kwanon rufin akurki.

Tsako kuwa jikinsa ba ya riƙe ɗumi. Makon farko yana son digiri 32 zuwa 35. In sun cunkushe suna kuka, sanyi ne, na ƙasa ke shaƙewa. Ka ajiye musu kaskon gawayi, amma ka bar mashigar iska, hayaƙinsa ma yana kisa.