Likita ina jin kunyar a san ɗana yana da ciwon suga

Tambaya: Salam likita, ɗana ɗan shekara 8 ne, bara aka ce yana da ciwon suga kuma kullum sai allura. Wlh ɓoyewa nake, ko malamansu ban gaya wa ba, in zan masa allura sai na kulle ɗaki. Uwar mijina ta ce ni na ɓata shi da alawa da lemon kwalba, wasu kuma sun ce jifa ne. Don Allah laifina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Maman yaro, Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya. Ba laifinki ba ne, ko kaɗan. Sugan da ya fi kama yara shi ne nau'i na 1, kuma ba alawa ke kawo shi ba, garkuwar jikin yaron ce da kanta take kuskure ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini) a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki, to tunda jiki ya daina yi dole a riƙa ba shi daga waje. Ba irin na manya ba ne da ake haɗawa da ƙiba da rashin motsa jiki. Ba jifa ba ne, kuma ba a ɗauka, ya ci kwano ɗaya da ƴan uwansa ba komai. A yi addu'a, amma kar a ajiye allura saboda rubutu ko jiƙo ko na kwana ɗaya, don hakan na iya kai yaro ga amai da numfashi sama sama har suma.

Maganar ɓoye wa malamai ita ta fi tada min hankali gaskiya. Yaron da ke kan insulin sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70 mg/dL a na'urar gwajin suga, musamman in ya yi guje guje ko bai ci abinci sosai ba, sai ki ga gumi, jiki na rawa, ya rikice ko ya yi ta fushi ba dalili, malamin da bai sani ba zai ɗauka iskanci ne har ya dake shi ko a ce aljanu ne a tsaya ruƙiyya, alhali abin da yake buƙata a lokacin suga ce ko lemo mai zaƙi ya sha nan take, in kuma ya suma kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kawai. Ki je gobe ki samu malamin ajinsu na boko da na islamiyya ki musu bayani, ki riƙa sa masa ƴar suga a jaka. Ba sai duk unguwa ta sani ba, amma masu yini da shi dole su sani.

Sannan kulle ɗakin nan, yaro yana lura fa, in kullum a ɓoye ake masa zai taso yana ganin shi abin kunya ne, kuma irin su ne in sun kai 14 ko 15 suke fara tsallake allura don kar abokai su gani.

Kafin a gano insulin a Kanada a 1921 yaran nan ba sa daɗewa, yanzu kuwa karatu suke suna aure suna haihuwa. In yana kallon ƙwallo ki ba shi labarin Nacho, yana ɗan shekara 12 aka gano yana da irin wannan ciwon, kuma shi ne kyaftin ɗin Real Madrid da ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2024.

Ita kuma Hajiya kar ki yi jayayya da ita, tsoro ne da son jikanta, ki sa maigidan ya taho da ita ranar ganin likita ta ji daga bakinmu.