Amsa: Fito da zanen tsohuwar askar Solingen

Malam, ka ce askar kakanka ce, wanzami a Zangon Kumasi, ta yi tsatsa, zanen jikinta ya dushe, kana so ya fito baƙi wuluk. Don Allah kada ka kai ta wurin masu injin wasa ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. Zafin inji yana kashe taurin ƙarfen, kuma zanen askar Solingen ta Jamus ba shi da zurfi, asid ne ya ɗan ci saman kawai. Tana hawa dutse ya tafi ke nan.

Shafa mata man keken ɗinki ta kwana, ka goge tsatsar a hankali. Inda babu zane, bi da samfefa mai lamba 1000, sannan 2000.

Maganar baƙin kuwa, wanke maiƙon tas da sifirit, ka ɗiga ruwan ferik kulorayid (wani sinadari mai asid da ke cin ƙarfe) da tsinken auduga cikin zanen kaɗai, na 'yan daƙiƙoƙi. Ɗauraye da ruwan kanwa, shi ke kashe asid ɗin. Sai ka bi saman da samfefar 2000 sama-sama, baƙin ya zauna cikin ramin. In zanen mai ruwan zinariya ne, ni dai ba zan taɓa shi ba.

Ka riƙa shafa mata mai kullum, ka san laimar Kumasi.