Faifan da mawaƙi ya haɗa shi kaɗai, ya cancanci a saya?

Malam, ka ce ka ci karo da sabon faifan wani mawaƙin Amurka mai kiɗan gargajiyarsu, wanda ya rubuta ya kuma naɗa da kansa ba kamfani, kana tambaya ko ba aikin kwaba ba ne.

Ni dai irin su na fi so. Kiɗan nan, wato bulus na yankin Misisifi da bulugiras na Kentaki, ba ya son kwalliya: jita, banjo, goge, sai murya. Banjon ma daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ya samo asali, dangin gurminmu ne, bayin da aka kai can ne suka ƙirƙiro shi. A ɗaki ɗaya za a iya naɗa irin kiɗan nan. Fitaccen mawaƙin Amurka Bruce Springsteen a gidansa ya naɗi faifansa na 1982 da 'yar na'urar kaset.

Sa abin ji a kunne. Za ka ji kukan yatsa a kan tsirkiya, da numfashin da yake ja kafin baiti, abubuwan da kamfani kan goge. Aibinsa ɗaya, ba mai ce masa waƙar nan ta yi tsawo.

In za ka saya, nema a Bandcamp, shafin intanet na sayar da waƙoƙi, kaso mafi tsoka na kuɗin aljihun mawaƙin yake shiga.