Gilashi ko leda? Amsa ga mai son rana ta cire masa gishiri a ruwa

Tambaya daga wani magidanci a Fot Sudan: "Malam, tun da dam ɗin Arba'at da ke ba garinmu ruwa ya ɓalle a Agustan 2024 muke fama da tsadar ruwan sha, rijiyarmu kuma zartsi ce. Zan haɗa akwatin nan da rana ke dafa ruwa, tururi ya taru a murfi ya gangaro. Leda zan saya ko gilashi? Da me zan liƙe?"

Ɗan'uwa, sayi gilashi, mai kaurin milimita 4 ya isa, ko na tsohuwar taga ne. A jikin leda raɓar dunƙulewa take yi ta ɗiga cikin zartsin da ta fito, ga shi ranar bakin Bahar Maliya ba ta barin leda ta daɗe. A jikin gilashi kuwa shimfiɗuwa take yi ta sulale zuwa magudana. Ka karkata shi kaɗan, kamar digiri 15, ya fuskanci kudu.

Liƙin nan ne wurin kashe kuɗi, domin duk kafar da tururi ya samu, ruwanka ne ya tafi. Nemi silikon ɗin da ake haɗa akwatin gilashin kifi da shi. Na banɗaki da kicin galibi akwai maganin fumfuna a ciki, ko mai shago ya ce duk ɗaya ne, kada ka yarda. Kwalta da fentin mai ma ka bar su; da akwati ya ɗau zafi warinsu zai bi tururi ya shiga jarka. Goge ƙura da maiƙo kafin ka shafa, ka bari sai warin tsamin silikon ɗin ya ɗauke sarai, sannan ka zubar da ruwan kwanakin farko. Gefe guda kada ka liƙe shi dindindin, ta nan za ka riƙa kankare gishiri.

Kwanon ciki ya zama baƙi, zurfin ruwa kada ya wuce santimita 3, ƙarƙashi kafinta ya cusa garin katako don riƙe zafi.

Amma fa kada ka sallami mai kawo muku ruwa. Ruwan da akwati mai murabba'in mita guda ke bayarwa ba ya wuce lita 3 zuwa 4 a wuni, na shan mutum ɗaya ke nan lokacin zafi. In kuma rijiyar na warin fetur ko gas, akwatin ba zai raba ta da shi ba.