Doguwar tafiya a bas: tambayoyinku da amsoshin likita

Salam likita, ni ɗan kasuwa ne ina bin mota daga Kano zuwa Legas, daga nan na wuce Akara, duk sanda na sauka sai na ga ƙafafuna sun yi suntum. Akwai matsala ne?

Wa alaikumus salam Alhaji. In duka biyun ne suka kumbura kuma babu ciwo, yawanci ruwa ne ya taru saboda zama, ka kwanta ka ɗora su kan filo zuwa safe za su saɓe. Wanda muke tsoro shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa na ciwo, wurin ya ɗau zafi, to wannan yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma in gudan ya ɓalle ya tafi huhu sai ka ga numfashi ya sarƙe ga ciwon ƙirji, nan kam asibiti kai tsaye, kar a tsaya matsa ƙafar ko a kai wa mai ɗori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zaman da ya kai awa 4 ba motsi yana ninka haɗarin, kai kuwa naka ya wuce nan nesa. Don haka a bodar Seme ko Aflao ka sauko ka taka, kana zaune ma ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa, sannan don Allah jakar nan da ake cusawa ƙarƙashin ƙafa a ɗauke ta.

Likita ni daga Maraɗi nake zuwa Bamako saro kaya, ba na shan ruwa a hanya don kar fitsari ya matse ni.

Hajiya na san matsalar, direba ba ya tsayawa sai ya ga dama, kuma inda zai tsaya ɗin ba wurin da mace za ta kewaya. Amma kwana biyu cikin zafi ba ruwa ga riƙe fitsari, abin da ke biyo baya ciwon kai ne da ciwon mara, wani lokacin har ƙoda. Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ki rage shayi da lemon kwalba, ko ina aka tsaya ki zaga ko ba ki ji ba.

An ce min a tasha ana sayar da yalo kat, wato katin shaidar rigakafin cutar shawara, ba sai an yi allura ba?

Kati ba ya hana sauro cizo malam, kuma sauro ne ke yaɗa cutar. Ka je ka yi allurar shawara ta gaskiya, sai ta kwana 10 katin yake fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Yarona amai yake yi da mota ta tashi.

Ki nema masa kujerar gaba ya riƙa kallon hanya, a karɓe wayar, kar ya cika ciki da maiƙo. Akwai magani irin su promethazine amma yana sa barci kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2.

Ina da ciwon suga ina allurar insulin, ya zan yi da ita?

Kar ka kuskura ka sa ta a but, zafi yana lalata ta. Ka riƙe ta a jakar hannu cikin ɗan kula amma kar ta taɓa ƙanƙara, ka ɗau fiye da abin da kake buƙata saboda mota na iya kwana a boda, ka sa dabino ko alawa a aljihu, sannan ka faɗa wa na kusa da kai in ya ga kana gumi kana karkarwa, alamar suga ya faɗi, ya ba ka.