Monita ta cikin kunne ga masu kiɗan biki: daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura. Mu bakwai ne: ni, 'yan amshi uku, mai fiyano, mai kalangu da mai jita. Yawanci dina da kamu muke yi a zauren taro, wani lokacin a fili, har Daura da Mani. Matsalarmu ita ce ba ma jin kanmu. Lasifikar da ake ajiye mana a gaba, in an ƙara ta sai ta yi ta kuka, in an rage sai in yi ta ɗaga murya har ta dushe kafin a tashi. Na ga mawaƙa na sa wani abu a kunne da ɗan akwati a ƙugu. Shi ne maganin? Mu sayi guda bakwai? Ko iyafis na Bluetooth zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara sallamar Bluetooth: ba zai yi ba. Sautinsa yana makara da milisakan 100 zuwa 200 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya), wani ma ya fi haka, alhali kunnen mawaƙi yakan fara tsarguwa tun makarar ba ta wuce milisakan 10 ba. Za ka furta kalma, ka ji ta a ƙashin kanka, sannan ta sake zuwa maka ta iyafis kamar wani na kwaikwayonka. Ba mai iya riƙe kiɗa a haka.

Abin da ka gani kuwa monita ce ta cikin kunne, wato iyafis da ke kawo wa mawaƙi sautin kansa da na ƙungiyarsa, kuma lallai tana maganin abin da ke damunka. Kukan da lasifikarka ke yi zagaye ne: murya ta shiga makirufo, ta fito ta lasifikar da ke gabanka, ta koma cikin makirufon, ta sake fitowa da ƙarin ƙarfi. In ka ɗauke lasifikar ka kai sautin cikin kunne, ka yanke zagayen. Amma sayen guda bakwai ba nan gizo yake saƙa ba. Kafin ka taɓa aljihu, je ka duba mikisarku, na'urar da ke haɗa sautin makirufo da kayan kiɗa.

Nemi ramukan da aka rubuta wa AUX, ka ƙirga su. Kowane ɗaya haɗin sauti ne mai zaman kansa, daban da wanda ke zuwa wa jama'a. Ƙananan mikisa da ake yawo da su wajen biki galibi biyu suke da shi, kuma sau da yawa an riga an ba wa amsa-kuwwa ɗaya. Saura ɗaya ke nan ga mutum bakwai, alhali abin da kake son ji ba shi mai kalangu yake son ji ba. A irin wannan halin, kuɗin ya fi amfani a sauya mikisa. Irin su Behringer XR18 suna da AUX shida, kuma kowa na iya daidaita nasa haɗin daga wayarsa. Ga ƙungiyarku haɗi huɗu sun isa: naka, na 'yan amshi su uku a haɗe, na mai fiyano da mai jita, sai na mai kalangu. Ka tabbata kowane AUX yana kan PRE (yana ɗaukar sauti kafin maɓallin da ke daidaita na jama'a), ba POST (bayan maɓallin) ba. In yana kan POST, duk lokacin da mai kula da sauti ya sauke kiɗa don mai gabatarwa ya yi magana, ko ya ɗaga shi don a shiga fili, abin da ke kunnenka shi ma zai yi ta hawa da sauka.

Sai batun wa ke buƙatar marar waya. Mai fiyano ba ya zuwa ko'ina. Shi da duk wanda ke tsaye wuri guda, ɗan akwati mai waya ya ishe su, irin su Behringer P2: a ja wayar makirufo daga AUX zuwa akwatin, a maƙala a ƙugu, batir AAA biyu, shi ke nan. Ya fi araha nesa ba kusa ba, sautinsa ya fi tsabta, kuma ba ya ɗaukewa. Marar waya naka ne, kai da ke sauka cikin fili kana bin masu liƙi, sai mai kalangu in yana bin ka. Kuma tiransimita ɗaya, wato na'urar da ke aika sauti ta iska, tana iya ciyar da risiba, wato akwatin ƙugu, da yawa muddin suna kan tasha guda, saboda haka 'yan amshi uku tiransimita ɗaya ce da akwati uku. Akwai ma wata dabara: tiransimitar sitiriyo tana da mashiga biyu, hagu da dama. A sa muryoyi a ɗaya, kayan kiɗa a ɗayan, kowa ya juya maɓallin akwatinsa zuwa gefen da ya fi so. Shure suna kiran wannan MixMode, Sennheiser kuma Focus.

Yanzu ga abin da littafin na'urar ba zai gaya maka ba, domin waɗanda suka rubuta shi ba su san bikin Hausa ba. Iyafis mai kyau toshe kunne yake yi. Kamfanin Shure ya ce SE215 na iya tare har desibel 37 (ma'aunin ƙarfin sauti) na hayaniyar waje. To kai kuwa rabin aikinka ta kunne yake shigowa. Hajiya ta shigo fili da ƙawayenta, yaronka ya matso ya raɗa maka sunanta, da sunan maigidanta, da garinsu, kai kuma ka saka cikin baiti kafin ta gama buɗe jaka. Da iyafis a kunne, leɓensa kawai za ka ga yana motsi. Guɗa ba za ka ji ba, tafi ba za ka ji ba, sai ka ji kamar kai kaɗai ne a ɗaki. Nan ne mawaƙi ke zare iyafis ɗaya ya bar shi yana lilo a kafaɗa.

Kada ka yi haka. Ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da kunnuwa biyu suka ji ta ɗauke shi da ƙarfi. In kunne ɗaya ne, sautin sai ya zama kamar ya ragu, ga kuma hayaniyar fili tana shiga ta buɗaɗɗen kunnen. Sai hannunka ya kai ga maɓalli ka ƙara, ka sake ƙarawa. Kunne ɗaya na shan dukan iyafis, ɗaya na shan dukan manyan lasifika: an gudu ba a tsira ba. Ma'aunin da masana lafiyar ji ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Wato 94 awa ɗaya ne, 100 kuwa minti 15. Dina guda ta ninka wannan sau nawa? In ka kwanta bayan biki kunnenka na ƙugi, gargaɗi ne, domin jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Maganin makirufo biyu ne na ƙari. Na farko ka ba yaron da ke karɓar sunaye. A mikisa, a sauke layinsa gaba ɗaya daga manyan lasifika, a buɗe shi a AUX ɗinka kai kaɗai (ga wani amfanin PRE). Yana iya tsayawa can gefe ya faɗi suna a hankali, ya shigo maka tsakiyar kai sarai, jama'a ba su ji komai ba. Wannan ya ma fi raɗa, don ba sai ka sunkuya ka bar makirufo ba. Gara mai maɓallin kunnawa da kashewa, kada hirarsa da abokai ta shigo maka cikin waƙa. Na biyun a kafa shi bakin dandamali yana kallon jama'a, a yanke masa ƙasan sauti, wato mai kauri, daga wajen 200 Hz a mikisa, a ɗan ɗiga shi kaɗan cikin haɗin kowa. Shi ne zai dawo muku da guɗa da tafi. Shi ma kada ya je manyan lasifika.

Wajen haɗa sautin kunne, ka fara da akwatin a rufe, ka buɗe shi zuwa rabi, sannan a shigo da muryarka ita kaɗai har ka ji ta ba tare da ka matsa maƙogwaro ba. Sai fiyano, don shi ke riƙe maka murya kada ta kauce. Sai kiɗa, sai amshi a ƙasa da kai. Kalangu yana da kaifi, yana ratsa iyafis ko ba a sa shi ba in mai shi na kusa da kai, don haka kaɗan ya isa. In wani abu ya ɓace, kada ka ce a ƙara shi. Nemi abin da ya danne shi a rage. Masu cewa "ƙara min, ƙara min" su ne ke ƙarewa da komai a sama ba sa jin komai. A sa limita, abin da ke hana sauti wuce iyaka, a kan kowane AUX, saboda ranar da makirufo zai faɗi ƙasa ko mai liƙi ya taka waya ya fizge ta, ƙarar kai tsaye cikin kunnenka za ta sauka. Kuma doka ce: ba a cire waya ko sa ta sai an rufe layin.

Da farko za ka ji muryarka ta yi kauri kamar kana magana cikin tulu. Toshewar kunne ce ke sa haka, sautin na bi ta ƙashi. A yanke ƙasan muryar daga 100 Hz, a ɗan sa amsa-kuwwa, yawanci yakan lafa. In kuwa sautin ya zo siriri babu nauyi, ba na'urar ba ce, robar bakin iyafis ce ba ta zauna ba. Suna zuwa da girma uku, ka gwada duka, kuma ba dole ne kunnuwanka biyu su zama girma ɗaya ba. Ta soso ta fi riƙewa in gumi ya karyo, musamman a zafin Afrilu: a murza ta, a ja kunne sama, a tura, a riƙe sakan 20 ta kumbura. Wayar ta bi ta saman kunne, ta gangara ta baya cikin riga. In ka bar ta a gaba, naɗin babbar riga na farko zai tafi da ita.

Na marar waya, ka nemi mai aiki a zangon rediyo na UHF. Masu 2.4 GHz sun fi sauƙin kuɗi kuma suna yi a wajen gwaji, amma wannan zangon shi ne na Wi-Fi da Bluetooth, kuma zauren dina cike yake da wayoyi. A kowane sabon wuri a sake neman tasha: a kunna duk makirufo marasa waya, na mai gabatarwa ma, a bar tiransimitar kunne a kashe, akwatin ya laluba ya samo tashar da ba kowa, sannan a kunna tiransimita a daidaita ta da shi. Tashar da ta yi a Katsina ba lallai ta yi a Daura ba, domin gidajen talabijin ma a UHF suke. Tiransimita ta zauna gefen dandamali, eriyarta sama da kawunan mutane, don jikin ɗan Adam yana shanye siginar. A nisanta ta da risibar makirufo kamar mita uku. Eriyar akwatin kuma kada ta lanƙwashe ko ta manne da fata mai gumi.

Batir AA biyu a irin waɗannan akwatuna sukan yi awa huɗu zuwa shida. Sababbi a kowane biki, ba ragowar jiya ba, kuma masu arahar nan na tocila ba sa kai ko'ina. Duk kayan sauti su sha wuta daga layi ɗaya. In fiyano na wani soket mikisa na wani, za ka ji gurnanin 50 Hz, wanda a lasifika ake jurewa amma a kunne azaba ne. Kada a karya doguwar ƙafar filogi, wato ta earth, don kashe shi, a sa akwatin DI, ɗan akwatin da ke yanke irin wannan gurnani, tsakanin fiyano da mikisa. Ƙaramar UPS, wato batir mai riƙe wuta in an ɗauke, ga mikisa da tiransimita tana da amfani, domin in janareta ya yi tari mikisar dijital sai ta mutu ta sake tashi, ku kuwa kuna tsaye kunne a toshe ba ku jin komai.

Bayan biki a goge iyafis, a cire dauɗar kunne daga bakin bututun da ɗan tsinken da ke zuwa tare da shi, a rufe a akwatinsa saboda ƙurar hunturu. Yawancin iyafis da ake cewa gefe ɗaya ya mutu, toshewa ya yi. Kowa da nasa, ba a aro.

Kada ranar farko ta zama a bikin mutane. Ku yi gwaji uku ko huɗu a gida da kayan gaba ɗaya, har da yaron sunaye da makirufonsa. A bukukuwan farko ku bar lasifika ɗaya ta gabanku a haɗe amma a rufe, yadda in wani abu ya ɗauke za a buɗe ta nan take waƙa ba ta tsaya ba.